Daga Farar Ƙasa Zuwa Ƙorama: Tarihin Bangon Ɗaki a Ƙasar Gumel

Duk wanda ya saba shiga falukan gidajen siminti a Gumel, ko ya taɓa zaman jiran layi a shagon aski a Maigatari ranar Alhamis, ya san hoton nan. Ruwa ne yake kwararowa daga kan wani dutse, fari fat, yana taruwa a tafki shuɗi. A gefe itatuwan kwakwa sun sunkuyo, can baya ga tsauni da ƙanƙara a kansa, wani lokaci har da ɗan gida mai jan rufi wanda babu kowa a ƙofarsa. A wani ɗakin da buroshi aka yi shi, a wani kuma takarda ce aka manna. Da mutum ya ɗaga labule ya fito, sai rana ta doke shi, ƙafarsa ta nutse cikin rairayi. Daga Sule Tankarkar har Gagarawa babu dutsen da ruwa zai faɗo daga kansa, babu kogin da ke gudu rani da damina. Amma ƙoramar nan ta samu wurin zama a bango har ta zama 'yar gida, kuma hanyar da ta biyo doguwa ce.

Zanen bango mafi tsufa a Jigawa yana can kudu, a duwatsun Birnin Kudu. A jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa mutanen dauri suka ja hotunan shanu da jan launi, wasu masu dogayen ƙaho, wasu marasa tozo, irin da ba a kiwonsu a yankin yanzu. A shekarun 1950 masu binciken kayan tarihi suka fara rubutu a kansu. Abin lura a wannan zane shi ne dabba ce kaɗai a tsaye a jikin dutse: ba a ja mata ƙasar da za ta taka ba, ba a yi mata sama ba, ba itace ko ɗaya a bayanta. Tunanin a ɗauko fili sukutum, da nesa da kusa, a ɗora shi a bango, sai da aka yi ɗaruruwan shekaru kafin ya zo.

Ita kuwa Gumel, Mangawa ne suka kafa sarautarta wajen 1750, a ƙarƙashin Ɗan Juma, kuma Barno take bi. Jihadi bai ci ta ba. A zamanin Sarki Ɗan Tanoma, kafin tsakiyar ƙarni na 19, aka taso daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Nijar, aka zauna inda garin yake a yau. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, ya sauka a garin a watan Maris na 1851, ya tarar da shi cike da fatake, kasuwar kanwa tana ci, ana ɗaure kaya zuwa Kano da Nufe. Da ya sake biyowa a ƙarshen 1854, bayan rasuwar Ɗan Tanoma, rigimar gadon sarauta ta riga ta ɗaiɗaita garin. Ga kuma yaƙe-yaƙe da Haɗeja da Damagaram waɗanda suka ci shekaru. Garin da wuta da mahara ke ziyarta ba ya ajiye bango ya tsufa.

Ƙasar kanta ma ba ta sauƙaƙa wa magini ba. Jigawa ce, rairayi ne, ba ya kama jikinsa. Sai an nemi kududdufi ko fadama an haƙo yumɓu, an kwaɓa da ciyawa, an bar shi ya ruɓa kwana da kwanaki, kafin a dunƙula tubali. Azarar giginya da za a ɗaure rufin soro sai an sayo ta. Shi ya sa soro ya zama na sarki da hakimi da attajiri da babban malami, talaka kuwa ɗakinsa na laka ne mai jinka, ko na kara, a zagaye da zana ko danga. Wanda ke son ganin abin da gwanayen magina suka yi wa cikin soro a wancan zamani, sai ya leƙa garuruwan da bangonsu ya tsira, wato Zariya da Kano da Damagaram, waɗanda fataken Gumel suka san ƙofofinsu tun ba yau ba.

A Zariya, sunan da ake fara kira shi ne Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, tsakanin 1834 da 1846. Daga waje ginin bai cika kwalliya ba. Sai an shiga ake ganin aiki: ginshiƙai masu kauri, bakan gizo suna tashi daga jikinsu suna haɗuwa a sama, an ɗaure rufi da azara, an bi ginshiƙai da bango da zane mai tudu da kwari. Wannan shi ne tsarin da: ado na ciki ne. Masana gine-gine da suka bi diddigin al'amarin, irin su Friedrich Schwerdtfeger da ya daɗe yana aiki a Zariya, sun nuna cewa cika fuskar gida da zane ta waje abu ne da ya yaɗu a ƙarni na 20. Kafin nan, kwalliyar tana cikin zauren sarki, da turaka, da masallaci, inda baƙo mai daraja zai zauna ya ɗaga kai. Masallacin Babban Gwani yana nan har yau, amma an lulluɓe shi da sabon gini a shekarun 1970, kuma akwai kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya na Jos, wanda ya samo asali daga aune-aunen Zbigniew Dmochowski, mutumin Folan.

Yadda ake aikin ya cancanci a tsaya a kansa. Magini yakan yaɓa laka mai laushi a bango, tun tana ɗanya ya sa yatsu biyu ko uku ya ja layi, ya lanƙwasa, ya dawo, ba tare da ya zana komai a takarda ba. Inda yake son tudu sai ya ƙara laka ya tsuke ta da tafin hannu. In ta sha iska sai a bi da launi: farar ƙasa, jar ƙasa, baƙi, shuni, wani wurin da ƙasa mai ƙyalli wadda ke walƙiya in an kunna fitila. A waje, inda ruwa ke duka, ana shafa makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Siffofin da yake ja kuwa ba baƙi ba ne a idon kowa. Dagin da ke ƙirjin babbar riga shi ne a saman ƙofa, zayyanar da ke jikin allon mai saukar Alƙur'ani ita ce a jikin ginshiƙi, haka ma abin da dukawa ke yi a jikin fata. Magini bai ɗauki bango a matsayin taga da za a hango wani wuri ta cikinta ba. Riga ya ɗauke shi, ya yi masa aiki a wuya da aljihu. Wanda ya shiga fadar Dutse a Garu, ko ya zaga unguwar Birni a Damagaram, zai ga wannan tunani yana raye, ko da yake fentin kanti ya maye gurbin farar ƙasa.

Wannan na maza ke nan. A cikin gida, inda magini ba ya shiga sai da sallama da dalili, bango na mata ne, kuma tarihin da aka rubuta bai ba su haƙƙinsu ba. Su ne ke daɓe, suna waƙa suna bugun ƙasa da madaɓi, su yayyafa ruwan makuba har daɓen ya yi santsi ya yi duhu. Su ne ke jiƙa farar ƙasa su shafe ɗaki da tsumma in salla ta gabato ko za a kawo amarya. Sannan ga jere. Da ƙwarya aka fara, sai tasa, sai kwanon sha da langa da faranti masu fenti, aka jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi, wasu faranten ma a danna su cikin yaɓe tun yana ɗanye su zauna daram. Kwanukan nan daga Turai suka fara zuwa, daga baya Hankon, daga baya kuma masana'antun Ikeja da Kano. A jikinsu akwai furanni da ganyaye da 'ya'yan itace. Ana iya cewa furen farko da ya hau bangon ɗakin Bahaushiya a hoto, ba a zayyana ba, a jikin kwano ya hau. Gwaggo da inna da suka zo jere, suna gardamar wane faranti zai zauna a tsakiya, suna yin abin da mai tsara zane yake yi: auna launi da launi, girma da girma, da inda idon mai shigowa zai fara sauka.

A 1903 Sarkin Gumel Ahmadu ya karɓi Turawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen Nguru kuma, wanda ya ratsa ta Gagarawa, ya kai ƙarshensa a 1930. Jirgin ya kwashi gyaɗa da fata, ya sauke kwanon rufi da siminti da gwangwanayen fenti. Kuɗin gyaɗa ya haifar da sabon mai gida: ba basarake ba ne, ɗan kasuwa ne ko dillali ko ma'aikacin En'e, kuma yana son a san ya samu. A Tudun Wadan Zariya da unguwannin Kano aka fara ganin abin da Babban Gwani bai taɓa ja ba, wato keke da agogo da mota da jirgin sama da takobi, an fito da su a jikin siminti a saman ƙofar zaure. Anthony Kirk-Greene ya wallafa ɗan littafi a kan irin waɗannan gidaje a 1963. Daga nan bango ya fara nuna abu, bayan shekaru yana nuna siffa kawai.

Mataki na gaba na masu buroshi ne. Wanda sunansa ya fi fita a cikinsu shi ne Musa Yola, wanda ya yi ta zane a bangon gidaje a yankin Zariya wajen shekarun 1970, da fentin kanti, yana jan motoci da jirage da gine-gine da mutane. David Heathcote, malamin tarihin zane a Jami'ar Ahmadu Bello a lokacin, shi ya bi aikinsa ya rubuta, kuma shi ne ya shirya baje kolin fasahar Hausawa a Landan a 1976. Irin su Musa Yola suna da yawa a garuruwa, sai dai ba su sami mai rubuta sunansu ba. Su ne masu rubuta allon kanti, su ne masu yi wa bayan babbar mota zaki da dabino da faɗuwar rana, su ne kuma ake kira in mai gida yana son a yi wa ɗaki wani abu.

To, me ya sa a cikin ɗaki daji da ruwa suka yi nasara, mutum da dabba suka koma baya? Amsar tana wajen malamai. Ɗaki wurin salla ne, kuma kowane almajiri ya ji hadisan da suka yi gargaɗi a kan surar abu mai rai. Amma a cikin Buhari da Muslim akwai labarin wani mai sana'ar zane da ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas yana kukan cewa da wannan yake ci, shi kuma ya nuna masa mafita: in ba makawa, ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Wannan ƙofa a buɗe take tun farkon Musulunci. Masallacin Banu Umayya na Dimashƙa, wanda Halifa Walid ya gina tsakanin 706 da 715, an yi wa bangon farfajiyarsa hoton kogi da manyan itatuwa da gidaje da ƙananan duwatsu masu ruwan zinariya, babu mutum ko tsuntsu ko ɗaya a ciki. A ƙarni na 18 da na 19, attajiran daular Usmaniyya a Istanbul da Sham sun riƙa sa a zana musu bakin teku da lambuna a saman bangon ɗakin baƙi. Mai fentin da ke tsallake mutum ya ja ƙorama a Gumel yana kan tsohuwar turba, ko ya sani ko bai sani ba. Akwai kuma wani hadisin, na labulen Nana A'isha mai zane wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a kawar domin yana ɗauke masa hankali a salla. Shi ya sa mai gida mai lura yakan ce a bar masa bangon gabas fari.

Sha'awar shigo da lambu cikin ɗaki ba ta Musulmi kaɗai ba ce. A wajen birnin Rum, a gidan Livia matar Sarki Augustus, an yi wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa tun kafin haihuwar Annabi Isa, aka zagaye bangonsa huɗu da hoton lambu mai rumman da tsuntsaye, don a fake wa zafin bazara. An tono shi a 1863. A Faransa kuwa, kamfanin Zuber ya fara buga hoton tsaunukan Suwizalan a takardar bango a 1804. Takardar da ake mannawa yau a falukan Jigawa jikanyar wannan ce, duk da dai daga Sin take zuwa.

Ƙoramar ba ta hanya ɗaya ta shigo ƙasar Gumel ba. Alhazai na cikin waɗanda suka fara kawo ta. Tun da jirgin sama ya fara ɗaukar maniyyata daga Kano a shekarun 1950, balle da kuɗin fetur ya zo a shekarun 1970, tsarabar Makka ta haɗa da ƙyallen bango mai hoton Ka'aba da Masallacin Madina, da wani mai hoton barewa a bakin rafi ko ɗawisu a lambu. Kalandar kamfanoni da bankuna ta biyo baya, wadda ko shekara ta ƙare ba a cire ta, sai a yanke kwanakin a bar hoton. Mai hoto ma ya taka rawa: labulen da ke bayan kujerarsa, mai hoton bene da furanni da tafki, shi ne wuri na farko da matasa da yawa suka tsaya a gaban zanen fili, ranar salla, cikin sabon ɗinki. Sai finafinan Indiya, waɗanda gidajen siliman Kano suka riƙa nunawa tun shekarun 1960, daga baya bidiyo ya kai su kowane ƙauye, inda jarumi da jaruma ke waƙa a tsaunukan Kashmir. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 shi kuma ya samar wa masu buroshi aiki, domin sababbin azuzuwa suna son taswirar Nijeriya da hoton sassan itace a bango.

A daidai wannan lokaci ne ƙasar ta bushe. Farin 1973 ya kashe dabbobi, ya tayar da ƙauyuka, na 1984 ya ƙara. Aka shiga dasa layukan darbejiya don tare iska da rairayi a arewacin tsohuwar Jihar Kano, wadda aka cire Jigawa daga cikinta ranar 27 ga Agusta, 1991. Ba abin mamaki ba ne mutumin da ya ga rijiya ta ƙafe, ya ga saniyarsa ta kwanta ba ta tashi ba, ya so ya buɗe ido da safe ya ga ruwa yana zuba, ko da na fenti ne. Hoton Aljanna da ya ji a wa'azi tun yana yaro ma lambu ne da ƙoramu ke gudana a ƙarƙashinsa. Wanda ya raina wannan zane ya ce na ƙauye ne, bai fahimci ƙishin da ke bayansa ba.

Aikin kansa yana da ƙa'ida, kuma gwani da ɗan koyo ba sa ɓoyuwa. Gwani ba ya taɓa sabon filasta sai ya bushe sarai, makonni ba kwanaki ba, domin siminti ɗanye yana cin launi. Yakan shafa hannu a gindin bango ya duba ko gishiri yana tsattsafowa, wannan farin garin da ke kumbura fenti ya zubar da shi, kuma in ya gani sai ya ɗaga zanen sama ya bar ƙasan da launi ɗaya mai duhu. Ya goge da sanfefa, ya toshe tsaga, ya shafa farin fentin ruwa hannu biyu. Sannan ya tsaya a bakin ƙofa, ya zauna kuma a inda baƙo zai zauna, domin a ɗakin da ake zama a kan tabarma ko kafet, layin da sama ke haɗuwa da ƙasa dole ya sauko, in ba haka ba mai kallo zai ji kamar yana cikin rami. Yakan turbuɗa zare a garin bula, yaronsa ya riƙe ɗaya bakin, a ja a saki, layi ya fito.

Da sama ake farawa. Shuɗi mai kauri a can ƙoli, ana ƙara fari ana saukowa, kuma dole a yi sauri, domin a zafin Afrilu fentin ruwa yana bushewa kafin a haɗa bakin launi biyu. Saboda haka da sanyin safiya ake wannan, ko a riƙa fesa ruwa. Abin da ke nesa a yi shi dishi-dishi, ya ɗauki ɗan shuɗin sama, abin da ke kusa a ba shi duhu da kaifi. Ganye ba a jansa ɗaya-ɗaya: guntun soson katifa ake tsomawa a kore mai duhu a dangwala, a bi da mai haske, a ƙarasa da ɗigon rawaya ta ɓangaren da taga take, don hasken zanen ya yarda da hasken ɗakin. Farin ruwan ƙorama da busasshen buroshi ake jansa daga sama zuwa ƙasa, hannu ɗaya, ba a komawa. Launuka biyar suka ishe shi, wato fari, baƙi, ja, rawaya da shuɗi, sauran a gwangwanin madara yake haɗa su. Fentin mai ya fi jure wanki da hannun yara, amma yana ƙyalli yana kashe ido, ga wari, ga neman kananzir, don haka sau da yawa a ƙofa da taga da gindin bango ake barinsa. In hunturu ne kuwa, sai an rufe taga da buhu, in ba haka ba ƙura ta manne a jikin sama tun ba ta bushe ba.

Ciniki kuma da maigida ake yi, amma sau da yawa uwargida ce ke zaɓe. A da, daga kalanda ko bangon littafi ake nuna wa mai zane abin da ake so. Yanzu Hajiya waya take miƙo masa ta bayan labule.

Zamanin wayar nan shi ne ya kawo abin da ya karya kasuwar. A shekarun baya-bayan nan takardar bango mai hoton 3D ta cika kasuwannin Kano, ta gangaro Gumel da Haɗeja, tare da silin POP da fitilu masu launi. Aikin da mai buroshi zai kwana uku yana yi, yara biyu da bokitin gam sun gama shi kafin la'asar, kuma ruwan da ke jikin takardar ya fi nasa kama da ruwa, tunda hoto ne na gaske. Masu kayan ɗakin amarya sun rungume ta. Sai dai takarda ba ta san Gumel ba. Zafi yana busar da gam, bakinta ya ɗago, gara ta samu hanya ta baya, in rufi ya yi yoyo sau ɗaya shi ke nan. Zanen buroshi kuwa in ya koɗe ana iya kiran mai shi ya taɓa shi. Masu zanen da yawa sun koma inda suka fito: allon kanti, bangon makarantun firamare da Islamiyya, lambar gida, da hoton 'yan takara in zaɓe ya zo.

Abin da ya fi damun mai kishin wannan sana'a ba takardar ba ce. Tun zuwan ƙoramar, da wuya a shiga ɗaki a ga an zana ƙasar da ɗakin yake a kanta. An ja kwakwar bakin teku, an ja ƙanƙarar da ba wanda ya taɓa takawa, amma an bar kuka da ke tsaye a bakin gari da 'ya'yanta suna reto, an bar goruba mai rassa biyu, an bar rumbuna a bayan danga bayan girbi, an bar gonar riɗi da aka ɗaure dami-dami a tsaye, da jan zoɓo da ake shanyawa a Maigatari har ya rufe fili. Duk waɗannan ba su da rai a ma'anar da malamai suke nufi, babu mai hana su hawa bango. Launukansu ma su ne waɗanda magina da mata suka saba da su tun farko: fari, ja, ruwan ƙasa da shuni. Kuma a nan ne kaɗai mai buroshi ya fi injin buga takarda, domin babu masana'anta a Sin da ke da hoton hanyar Sule Tankarkar da yamma, lokacin da ƙurar garke ta tashi rana ta koma kamar faranti.

Irin wannan zane yana neman idon ɗan ƙasa. Gawo ya isa misali. Duk itatuwa suna kore da damina, shi kuwa a lokacin yake zubar da ganye ya tsaya fari, ƙaya zalla, gero ya yi tsayi a ƙarƙashinsa ba tare da inuwa ta danne shi ba. Sai kaka ta wuce, komai ya bushe, sannan ya yi ganye ya zubo wa awaki 'ya'ya. Mai zanen da ya ja gonar gero kore shar ya ɗora wa gawon tsakiyarta ganye, ko yaron da ke kai wa babansa fura gona zai gaya masa ya yi kuskure.